Ɗakin Tirela Ya Ƙi Motsi: A Fara Da Batir

A Amurka, masu yawon shaƙatawa kan ja tirela mai ɗakin kwana a bayan motarsu. Tun shekarun 1990 aka yawaita ƙera ta da wani sashe mai zamewa waje don faɗaɗa ɗakin, wanda ƙaramin injin lantarki ke turawa. Idan sashen ya ƙi komawa ciki, tafiya ta tsaya, domin ba a hawa titi da shi a buɗe.

Da yawa kan yi gaggawar sayen sabon inji. Wannan kuskure ne. Injin na shan wuta daga batir mai bolt 12. Cikakken batir kan nuna kimanin 12.6, wanda ya gaza 12 kuwa ya raunana. Bayan batir sai fis, sannan tsatsar bakin wayoyi, wadda ke rage wutar da ke isa ga injin. In injin na gurnani amma sashen bai gusa ba, a nemi abin da ya tokare shi, domin tilastawa kan karya haƙoran giya.

Ya kamata malaman kimiyya su horar da ɗalibai kan wannan tsari: a gwada dalili ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi sauƙi.