Ƙananan Motocin Dattawan Filorida

A tsakiyar jihar Filorida ta ƙasar Amurka akwai wani gari da ake kira The Villages, wanda aka gina domin masu shekara 55 zuwa sama, kuma abin da zai fara ɗaukar hankalin baƙo a can shi ne ƙananan motocin filin wasan golf, waɗanda doka ta ƙayyade gudunsu kada ya wuce mil 20 a awa, suna kai da komowa bisa hanyoyin da aka keɓe musu, wani wuri ta ƙarƙashin babban titi, wani wuri ta kan gada.

Haƙiƙa akwai maslaha babba a cikin wannan tsari, domin dattijon da ƙarfinsa ya ragu, wanda tuƙin babbar mota ya zame masa hatsari, yana iya zuwa wurin likita, ya yi cefane, ya sada zumunci da maƙwabta, ba tare da ya jira wani ya kai shi ba, kuma wannan kiyaye mutunci ne wanda ba a saye da kuɗi.

Amma abin da ke damuna shi ne, garin ya bazu har tafiya a ƙasa ta zama wahala, alhali kuwa likitoci sun yi ittifaƙi cewa tattaki magani ne ga tsoho. Kamata ya yi mahukuntan garin su yawaita hanyoyin ƙafa masu inuwa da wuraren hutawa, musamman saboda zafin Filorida.