Waiwaye Adon Tafiya: Tsoffin Injiniyoyin Lokuwa

A unguwar Lokuwa ta garin Mubi, dattawan da suka fara riƙe igiyar awo da takardar zanen gini a wannan yanki suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Idan ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya, sai majami'a ta cika maƙil, a yi waƙoƙi, a karanta tarihinsa cikin minti biyar, a ce ya bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, daga nan a watse. Alhali kuwa rayuwar injiniyan da ya haura shekara tamanin a wannan gari ta fi ƙarfin minti biyar, don tarihin garin kansa yana cikinta.

Mai karatu ya ɗauki mutumin da aka haifa a ƙasar Mubi wajen 1935. An haife shi ne a Kamaru ta Arewa, wadda Ingila ke riƙo bayan an ƙwace ta daga hannun Jamus. Yana saurayi aka jefa ƙuri'ar raba gardama ta 1961, jama'a suka zaɓi shiga Nijeriya, aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedkwatarsa. Cikin 1967 ya tashi a Jihar Arewa Maso Gabas, cikin 1976 a Gongola, cikin 1991 kuma a Adamawa. Bai ƙaura daga gidansa ba, amma kowace sabuwar hukuma ta zo sai ta nemi hanya da gada da ofis da famfo, kuma ire-irensa ake kira.

Da yawa daga cikinsu a makarantar Mishan suka koyi baƙi. A ranar 17 ga Maris, 1923, Stover Kulp da Albert Helser, mutanen Amurka, suka yi sujadarsu ta fari a gindin wata tsamiya a Garkida. Daga nan aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda hedkwatarta ke Kwarhi kusa da Mubi. Mishan ɗin ba su tsaya ga wa'azi ba. Sun buɗe makarantu da asibitoci a Garkida da Lassa, sun koyar da aikin kafinta da na birkila, daga baya kuma aka shiga haƙa wa ƙauyuka rijiyoyi, Musulmi da Kirista suna sha. Yaron da ya nuna kai a lissafi sai a tura shi gaba, wani Bukuru, wani Kaduna, wani kuwa har Zariya, inda sashen koyon aikin injiniya ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962.

Abin da ake tunawa da su a wurin aiki shi ne tsanani kan awo. In takarda ta ce kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, to haka za a kwaɓa, ko ɗan kwangila ya yi fushi ko ya yi fara'a. Ba su barin a zuba kankare sai sun ƙirga rodi da idonsu. In an zuba, sai a yi ta ba shi ruwa har mako guda, kuma sun san ƙarfinsa ba ya cika sai bayan kwana 28. Kogin Yedzeram da ya ratsa Mubi ba ya karɓar cin hanci. Idan damina ta kankama, ruwan da ya gangaro daga duwatsun Mandara shi ne alƙalin da ke bayyana aikin gaskiya da na algus.

Wannan awon ne suka shigo da shi gida. Gidan irin wannan dattijo ba ya rabuwa da 'ya'yan dangi da aka kawo daga ƙauye don karatu. Albashi ɗaya ne, bakuna da yawa, amma kuɗin makaranta ake fara cirewa kafin a yi maganar sabuwar riga. Uwargida kuwa ita ce ma'aji, ita ce mai gida duk lokacin da aka tura shi aikin daji na wata da watanni. Wanda ya yabi injiniyan ya manta da ita, ya yabi jinka ya manta da ginshiƙi.

A majami'a ba lallai ya hau bagade ba. Nasa wa'azin a kwamitin gini yake. Shi ne mai zanen da ba a biya, shi ne mai zuwa ran Asabar ya duba harsashi, shi ne mai tashi gaban jama'a ya karanta lissafin baikon gini har zuwa kwabo na ƙarshe. Maƙwabtansa Musulmi ma sukan kira shi ya duba musu tsagar bango, bai kuwa taɓa tambayar addinin bango ba.

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi da Kwarhi. Jama'a suka watse, wasu Yola, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru da ƙafa, tsofaffi na cikinsu. Hedkwatar EYN ta koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u da gidaje, an karya gadoji a hanyar Michika. Da aka ƙwato garin cikin Nuwamba mutane suka fara komowa, dattawan nan ne aka riƙa jagoranta zuwa kangaye, suna ƙwanƙwasa bango da sanda, suna cewa wannan zai ɗauki rufi, wancan a rushe shi.

Allon da ake mannawa a jikin gada sunan gwamna yake ɗauka, ba na wanda ya auna ta ba. Takardu da hotuna da yawa kuma sun tafi cikin wutar 2014. Saboda haka abin da ya rage yana kan waɗanda suka saura da rai ne kawai. Ya kamata kowane iyali ya zaunar da dattijonsa, a ɗauki muryarsa a waya, a rubuta inda ya yi karatu da ayyukan da ya tsaya a kansu. EYN, wadda ta cika shekara 100 a 2023, tana iya tara waɗannan labarai a Kwarhi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi tun 1982 ita ma tana iya aika ɗalibanta su zauna gaban dattawan da littafi da alƙalami, su ji inda ruwa ke bi a shekarar ambaliya da inda ƙasa ba ta riƙe gini. Tambayar da ba a yi wa tsoho a zaurensa ba, ba za a yi masa ita a makabarta ba.