Hanyar mota ce ko hanyar mutane?

'Yan uwa ɗalibai, ku saurari bakinmu: kwalta muna ce mata "hanyar mota". Tun daga sunan aka kori mai keke.

Ku je Gaya ku gani. Kwarin Dallol Mawri da Dallol Foga shimfiɗe yake kamar tabarma, fadama ce ta rake da shinkafa. Da keke manomin Bengu ko Tunuga yake kai rakensa kasuwa. Amma da ya hau hanyar Doso, ba shi da ko taku biyu nasa. Babbar mota ta danno, sai ya faɗa rami da kayansa, direba ya bi shi da zagi.

Wai keke ci baya ne? To, Holan ƙasar fadama ce, kekunanta sun fi mutanenta yawa. Talauci ne ya sa su?

Da aka rufe gadar Malanbil a 2023, motocin Kwatano tsayawa suka yi cak. Keke bai tsaya ba.

Ba gada muke roƙo ba. A ware wa keke gefen kwalta, a zuba jar ƙasa a hanyoyin fadama kafin damina. Wanda ya ciyar da gari bai kamata ya mutu a bakin hanya ba.