Kafin A Kwashi Iyali Zuwa Yawon Buɗe Ido

Tun 1927 da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, garin ya saba da baƙi. Yau kuma magidanta kan kwashi iyalinsu yawon buɗe ido in an yi hutun makaranta. To, amma ba ko wane wuri ya dace da yara ba.

Ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya abin kallo ne, sai dai hutun Agusta kan faɗo tsakiyar damina, lokacin da ruwan ke da ƙarfi, duwatsun kuma sai santsi. Mai ƙananan yara ya haƙura sai rani. Hawan dutsen Kagoro kuwa aikin samari ne, ba na mai goyo ko dattijo ba. Gara a kai su bikin Afan ran 1 ga Janairu su ga maharba da makaɗa. 'Yan makaranta kuma a kai su Nok, inda aka tono mutum-mutumin yumɓu masu shekara fiye da 2,000.

Maigida ya nemi ɗan gari ya yi jagora, a fita da hantsi, a komo kafin magariba. Rigakafi dai ya fi magani.