Tashar Lekki da Kuɗin Littafin Ɗalibi

A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Lekki a Jihar Legas, wadda ta ci kimanin dala biliyan ɗaya da rabi. Zurfinta ya kai mita 16.5, saboda haka manyan jiragen da Apapa ba ta iya ɗauka suna sauke kaya a can. A cikin watan ne kuma aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano.

Wani zai ce ina ruwan malami da teku? Ruwansa kuwa babba ne. Yawancin takardar da ake buga littattafan ɗalibanmu daga waje ake shigo da ita. Duk kwanan da kwantena ta yi a tasha, da duk abin da tirela ta ci daga Legas zuwa Arewa, a kan uba yake ƙarewa ranar sayen littafi. Mu ne muke ganin yaran da ke zuwa aji hannu rabbana.

An buɗe Lekki ba tare da layin dogo ba. Muddin kaya suka dogara da titi kaɗai, sauƙin da aka samu a bakin teku zai salwanta kafin ya iso kasuwarmu. Don haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya ta haɗa Lekki da tashoshin tsandauri na Kaduna da Kano ta jirgin ƙasa. Mu kuma 'yan ƙungiya, mu tuntuɓi wakilanmu na majalisa a kan wannan batu, kada mu gaji.