Tamowa Ba Maita Ba Ce

'Yan uwana mata, yau zan faɗi magana ko da za ta yi ɗaci. Duk shekarar da damina ta yi gardama, rumbu ya ƙare da wuri, sai ki ga yara sun fara lalacewa: hannu kamar tsinke, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura. Maimakon a nufi asibiti, sai a ce mayya ce ta kama shi, ko ya sha nonon ciki. A yi ta turare da jiƙe-jiƙe har yaro ya tafi. Haba jama'a! Wannan tamowa ce, kuma rashin abinci mai gina jiki ke kawo ta.

Ku tuna abin da ya faru a Nijar. A 2004 fari da fara suka cinye amfanin gona. Da 2005 ta kama, ƙungiyar likitocin nan ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a jihar Maraɗi. Maraɗin da ake tinƙaho da ita wajen noma! Hatsi yana kasuwa, kuɗinsa ne ya gagari talaka. Mayu nawa ne za su kama yara dubu sittin a shekara guda?

Fari daga Allah ne, ba mu da iko da shi. Amma wa ya ce a matse dakashi a zubar, alhali shi ne rigakafin jariri na farko? Wa ya ce a ɗura wa jinjiri ruwa kafin wata 6? Wa ya ce ƙwai yana sa yaro sata? Tsoka ta tafi kwanon maigida, wake da gyaɗa su tafi kasuwa, ɗan yaye kuwa koko tsura safe da yamma. Cika ciki daban, gina jiki daban.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne maganin tamowar nan na leda, haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari, da ake ba da shi kyauta don yaro ya farfaɗo cikin 'yan makonni. Wai shi wasu ke kai wa kasuwa, wasu manya kuma su saya suna lasa don daɗi. Wallahi mai sayarwa da mai saye duk ran yaro suke ci.

Don Allah ki danna saman ƙafafun ɗanki da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, kada ki kwana. Ki kai shi a auna damtsensa. In awon ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5 ke nan, yana cikin haɗari. Kada kunyar kishiya ko surutun maƙwabta su zaunar da ke. Gara a ce ɗanki ya yi tamowa ya warke, da a zo miki gaisuwa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuriya.