Zancen Iyali: Guguwar Sunuka

'Yan'uwa cikin Almasihu, iyaye da dama daga Tambuwal da Kebbe suna kuka da teburin sunuka na bakin tasha, inda samarinmu ke yini da sanda a hannu. Suna tambaya, wasan nan zunubi ne? Mu dai ba mu ga zunubi a jikin tebur da ƙwallaye ba. Amma bari mu ba ku labarin wani gwanin wasan.

Sunansa Alex Higgins. An haife shi a birnin Belfast, a Ireland ta Arewa, a 1949. Tun yana yaro ya fara shiga wani ɗakin wasa na unguwarsu, cikin manya masu taba da caca. Saboda saurin hannunsa aka yi masa laƙabi da Guguwa. A 1972, yana da shekara 22, ya zama zakaran duniya. Ya sake ci a 1982, a Sheffield ta Ingila, inda ya ka da Ray Reardon da ci 18 da 15. Ran nan ya tsaya a gaban taro yana kuka, yana miƙa hannu a kawo masa matarsa da jaririyar 'yarsa. Duk wanda ya gani ya ce wannan gida ya kafu.

Ina! Giya da cacar sukuwar dawaki suka bi bayan kuɗin. Auren ya mutu. A 1986 ya yi wa wani ma'aikacin gasa karo da ka, a 1990 kuma aka hana shi wasa na shekara guda. Ciwon daji ya kama maƙogwaronsa a 1998. Tsohon zakaran duniya ya koma yawo ɗakunan shan giya yana buga wasa da kowa a kan 'yan kuɗi kaɗan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ɗakin nan na ƙuruciya. Can ya koyi riƙon sanda, can kuma ya koyi ajiye kuɗi a gefen tebur. Saboda haka uba ya tashi da kansa ya je tasha da maraice, ya duba ko kuɗin tebur kaɗai ɗansa ke biya, ko kuwa ana zuba wani a gefe.

Higgins kuwa, a watan Yuli na 2010 aka iske gawarsa a ɗakinsa a Belfast, shi kaɗai, yana da shekara 61.